Wa Zai Kwance Marin?

A ƙarshen watan Satumba na shekarar 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa, nan Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a gadon baya. Ba a yi wata guda ba aka fasa irin wannan gida a Daura, aka fasa wani a Zariya. Gidajen rediyo suka ɗauka, manyan ƙasa suka yi tir, gwamnatoci suka ba da umurnin a rufe gidajen mari. Daga nan sai mu 'yan boko, da mu da iyayen gidanmu, muka yi abin da muka fi gwaninta a kansa, wato muka tattara laifin duka muka jibga wa talaka. Wai da mutanenmu sun waye, da ba su kai 'ya'yansu inda za a ɗaure su kamar tumaki ba.

Ya 'yan'uwana ɗalibai, ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma ina fata kafin ku kai ƙarshen wannan maƙala ku ma za ku yi watsi da shi. A cikin waɗanda aka fitar daga gidajen nan akwai masu shaye-shaye, akwai waɗanda aka ce sun gagari iyayensu, akwai kuma masu taɓin hankali na haƙiƙa. Azabar da aka gana musu zalunci ne, babu mai kare ta. To, amma bayan an rufe gidan, ina aka ce iyaye su nufa? Uban da ɗansa ya kwana huɗu bai runtsa ba, yana surutai shi kaɗai, har ya zari wuƙa ya bi ƙannensa, wa zai kira da tsakar dare? In ya je ƙaramin asibitin unguwarsu, wa zai tarar da ya san abin da zai yi wa yaron? Mari ya shigo ne ya zauna a gurbin ma'aikacin da ba mu horar ba. Muddin gurbin nan yana nan babu kowa, ko an rufe gidan mari dubu, za a buɗe wasu dubu a lungunan da idon hukuma bai kai ba.

Nauyin da ke kan Barnawa

Duk wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, ya karkata wajen Barnawa, zai tarar da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya. Gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ce ta kafa shi a shekarar 1975, Gwamnatin Tarayya kuma ta karɓe shi a 1996. A cikinsa akwai makarantar horar da nas-nas masu jinyar taɓin hankali, kuma a nan wasu likitoci matasa ke samun horon ƙwarewa a wannan fanni. Ba ni da ta cewa game da ma'aikatansa sai jinjina, don kuwa sun rungumi aikin da yawancin abokan karatunsu suka guje wa. Amma a dubi girman kayan da aka aza musu. Jihar Kaduna kaɗai tana da ƙananan hukumomi 23, kuma tun a ƙidayar 2006 jama'arta ta haura miliyan 6. Asibitocin da suka keɓanta da wannan aiki a nan Arewa ana iya ƙirga su da yatsun hannu: ga na Kware a Jihar Sakkwato, ga na Dawanau a Kano, ga na Maiduguri, sai sassan da ke cikin asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Malam Aminu Kano.

A dubi kuma unguwannin da suka kewaye asibitin. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta rufe ƙofa a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007, dubban magidanta a Kakuri da Makera da Nasarawa suka wayi gari ba aiki, wasunsu suka mutu suna jiran haƙƙinsu. Garin nan ya ga tarzomar 2000, da ta 2002, da ta bayan zaɓen 2011, har kogi ya zama iyaka tsakanin maƙwabtan da suka tashi tare. Bayan wannan ga satar ɗaliban Kwalejin Gandun Daji ta Afaka da na Jami'ar Greenfield da na makarantar Bethel a 2021, ga harin jirgin ƙasa na ranar 28 ga Maris 2022, ga yaran Kuriga a 2024. Kowace irin wannan masifa takan bar mutanen da suka tsira da rai amma barci ya gagare su, waɗanda ƙarar rufe ƙofa kawai ke sa jikinsu ɓari. Ana karɓarsu da jawabi a gidan gwamnati, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Wata shida bayan haka, wa ke zuwa ya tambaye su yaya suka kwana?

Ga kuma annobar ƙwaya. Binciken da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. A shekarar nan ce gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. An hana kwalba, amma wanda ya riga ya kamu yana nan, kuma in iyayensa ba su sami mai taimaka musu ba, hanyar gidan mari a buɗe take.

Doka a takarda, gurbi a asibiti

Mahukunta za su ce sun yi doka. Gaskiya ne, sun yi. Tun daga 1916 dokar mahaukata ta Turawan mulkin mallaka ce ke aiki a ƙasar nan, aka yi mata kwaskwarima a 1958, kuma manufarta ita ce a tsare majinyaci don kada ya dami jama'a. Sai a watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta amince cewa mai taɓin hankali mutum ne mai haƙƙi, ta kuma haramta azabtar da shi da wulaƙanta shi. Madalla da wannan. Sai dai mu tuna cewa tun a 1991 Gwamnatin Tarayya ta zartar da manufar shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci, ta mai da ita rukuni na tara na kiwon lafiya a matakin farko. An haura shekara 30 da yin wannan alkawari. Wanda ke shakkar abin da ya biyo baya, ya shiga ƙaramin asibitin mazaɓarsu ya nemi wanda aka koya wa gane ciwon damuwa.

Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha faɗa cewa membobinta da ke aiki a cikin ƙasa ba su kai 300 ba, a ƙasar da jama'arta ta wuce miliyan 200. Ke nan likita ɗaya ga mutum fiye da dubu 600, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Kafin a sami ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa guda sai an yi shekara 6 a jami'a, shekara guda ta gwajin aiki, shekara guda ta bautar ƙasa, sa'an nan wajen shekara 5 ko 6 na horon ƙwarewa. Bayan talakan Nijeriya ya ɗauki wannan ɗawainiya ta shekara 13 ko 14 da harajinsa, sai Ingila ko Kanada ko Saudiyya su miƙo hannu su tsinki nunanniyar. Ban ga laifin wanda ya tafi ba, tun da albashin da ake ba shi da yanayin aikinsa su suka kore shi. Laifin yana kan masu tsara kasafin kuɗi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a 2006 ya nuna cewa wajen kashi 3 cikin 100 kacal na kasafin lafiya na Gwamnatin Tarayya ke zuwa ga lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan 'yar ragowa a manyan asibitoci take ƙarewa. Me ya rage wa ƙauye?

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Gini yana da kwangila, kwangila tana da kashi goma, kuma gini yana da bangon da za a manna allo mai ɗauke da sunan mai girma. Horar da nas ba ya da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa shugabanninmu suka fi ƙaunar siminti a kan ɗan'adam, alhali ɗakin jinya ba ya jinya, mutumin da ke cikinsa ke yi.

Shin talaka ne ya ƙi asibiti?

Bari mu koma kan zargin jahilci. A shekarar 2004 wasu likitoci, cikinsu har da Mohammed Kabir da Zubairu Iliyasu na Kano, suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a ƙauyen Karfi, inda suka tambayi manya 250 ra'ayinsu game da taɓin hankali. Abin da mutanen suka fi ambata a matsayin musabbabin ciwon shi ne shaye-shaye, wajen kashi ɗaya cikin uku. Masu danganta shi da sammu ko iskoki ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Da aka tambaye su inda suka fi son a kai majinyaci, kusan rabi suka ce asibiti, wajen kashi ɗaya cikin uku suka zaɓi hanyar addu'a da malamai. Mutanen ƙauye ne fa, fiye da shekara 20 da suka wuce. To, ina jahilcin da ake ta yi mana kirari da shi? Mutum ya ce yana son asibiti, an hana shi asibiti, ya tafi inda ƙofa take a buɗe, sa'an nan a juyo a ce masa jahili!

Kada kuma wani ya ɗauka mari al'adar wata ƙabila ce ko wani addini. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ziyarci wurare 28 a sassan Nijeriya, ta fitar da rahotonta a watan Nuwamba na 2019, ta ce ta tarar da ɗaure mutane a kusan dukkansu: a gidajen malamai, a majami'u, a wajen masu maganin gargajiya, har da wuraren da hukuma ke gudanarwa. Duk inda majinyata suka yi yawa, masu kula suka yi kaɗan, ilmi da magani suka yi ƙaranci, sarƙa takan fito. Addinin da yawancin masu karanta wannan mujalla ke bi kuwa ya ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin shari'a, kuma asibitin da Sarki Kalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen jinyar masu taɓin hankali. Saboda haka ba mu da hujjar fakewa da addini, ko don mu kare mari ko don mu zargi masu addinin.

An riga an nuna mana hanya

Abin takaici shi ne maganin wannan matsala a ƙasar nan aka fara gwada shi. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya dawo daga Ingila ya kama aiki a Aro, kusa da Abeokuta. Ya ga ba shi da gadaje, ba shi da isassun ma'aikata, sai ya shirya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin su riƙa saukar da majinyata a gidajensu, kowane majinyaci tare da ɗan'uwansa mai kula da shi. Da rana a zo asibiti a karɓi magani, da yamma a koma cikin jama'a. Ya jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su a maimakon ya kore su. Bai tsaya nan ba, ya haɗa kai da masana daga Jami'ar Cornell ta Amurka suka bi ƙauyukan Yarabawa suna bincike, littafinsu ya fito a 1963. Duniya ta zo Aro koyon aiki, shi kuma Lambo ya kai matsayin Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Waɗanda suka biyo bayansa a Ibadan ba su saki wannan hanya ba. Farfesa Oye Gureje ya jagoranci wani babban bincike, wanda sakamakonsa na yankin Yarabawa ya fito a 2006, ya nuna cewa a cikin masu ciwo mai tsanani wajen kashi 8 cikin 100 ne kawai suka sami wata kulawa a cikin shekara guda. Daga baya shi da abokan aikinsa suka gwada haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana. Ma'aikacin asibiti yakan riƙa zuwa gidan mai magani yana duba majinyata yana ba da ƙwaya, mai gidan kuma yana ci gaba da nasa. Mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon a 2020: waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi.

A Zimbabuwe kuwa Dokta Dixon Chibanda tsofaffin mata ya horar, ya kafa musu benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, su zauna da mai damuwa sau shida suna taimaka masa ya warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. Da aka auna aikin aka buga a 2016, sai aka ga bayan wata shida wajen kashi 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna a bencin ke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a cikin waɗanda ba su zauna ba rabi ne. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya tun a 2010 ta fitar da littafin jagora mai koya wa ma'aikacin da ba ƙwararre ba yadda zai gane ciwon damuwa da taɓin hankali da farfaɗiya da shaye-shaye, da abin da zai iya yi da kansa, da lokacin da zai tura majinyaci gaba. An yi aiki da shi a Binuwai, an yi a Barno.

Abin lura a nan shi ne dukkan waɗannan mutane abu biyu suka haɗa: sun horar da waɗanda ke kusa da jama'a, sa'an nan sun auna aikin da bincike don su san ko yana amfani. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma gwamnati ta yi shirin gyara ƙaramin asibiti guda a kowace mazaɓa. Da a kowane ɗaya akwai ma'aikaci biyu da Barnawa ta horar, take kuma bibiyarsu, da mun sami mutum fiye da 500 tsakanin uban nan na tsakar dare da gidan mari.

Ciwon da ake ganewa da harshe

Akwai dalili na musamman da ya sa ba za mu iya aron ma'aikata ko aron bincike ba. Zazzaɓin cizon sauro ana ganinsa a jini, karaya ana ganinta a hoto. Ciwon damuwa kuwa da baki ake gano shi, kuma rabin maganinsa da baki ake yi. Matar da ta haihu wata biyu da suka wuce ba za ta shigo ta ce tana da ciwon damuwa ba. Cewa za ta yi kanta ya yi nauyi, ko wani abu na yawo a jikinta, ko zuciyarta na tsinkewa, ko tunani ya yi mata yawa. Kunya ba za ta bar ta ta ambaci sunan mijinta ba, balle ta faɗi abin da ke tsakaninsu a gaban baƙon namiji da ɗan'uwan miji yana tafinta. Ma'aikacin da bai san wannan ba zai rubuta mata maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, ta koma gida, ta dawo, ta sake komawa, har ranar da za a ce iska ta buge ta. Kudancin kogin nan kuma ba Hausa kaɗai ake ji ba: akwai Gbagyi, da Bajju, da Atyap, da Adara, da Fulatanci, kowanne da yadda yake faɗin baƙin cikinsa.

Wannan shi ne aikin bincike, kuma babu wanda zai zo daga London ya yi mana shi. Muna bukatar a tattara kalmomin da mutanenmu ke bayyana ciwon zuciya da su, a gwada takardun tambayoyin da aka fassara daga Turanci a ga ko suna kama abin da aka ce suna kamawa. Muna bukatar a san wata nawa majinyaci ke yi kafin ya iso Barnawa, hannu nawa yake bi, kuma nawa iyalinsa ke kashewa a hanya. Muna bukatar a bi waɗanda aka sallama har gida a ga nawa ne ciwon ya dawo musu don kuɗin magani ko kuɗin mota ya gagara. Muna bukatar a gwada a Rigasa da Tudun Wada da Sabon Tasha irin abin da aka gwada a Ibadan, da malamai da fastoci, a ga abin da zai yiwu a nan da abin da ba zai yiwu ba.

Ba cewa nake ba a yin bincike a jami'o'inmu. Ana yi, binciken Karfi shaida ne. Illar ita ce yawancinsa don ƙarin girma ake yi, a rubuta da Turancin da ko nas ba ta karantawa, a buga a mujallar da sai an biya dala kafin a buɗe ta, a ajiye kundin a kanta ƙura ta rufe shi. Binciken da bai canza yadda ake karɓar majinyaci a ƙaramin asibiti ba, takarda ce kawai aka ɓata.

Amsa ga masu ja

Wasu za su ce ƙasar da yara ke mutuwa da zazzaɓi, mata ke mutuwa wajen haihuwa, ba ta da sukunin wannan magana. Ina tambayarsu: uwar da damuwa ta kwantar, ita ce za ta kai yaro rigakafi? Mai tarin fuka da ya yanke ƙauna daga rayuwa, shi ne zai shanye maganin wata shida? Magidancin da ciwo ya ɗauke, gidansa gaba ɗaya ke faɗawa cikin talauci, don sai wani ya bar sana'a ya zauna gadinsa. Ba a raba kai da gangar jiki.

Wasu za su ce in an horar za su gudu. Ƙwararren likita yana iya tafiya, kuma wajibi ne a gyara masa albashi da wurin aiki don ya zauna. Amma ma'aikaciyar lafiya 'yar Kachia da ke aure a Kachia, ko ungozomar Birnin Gwari, ba inda za ta. Hikima ita ce 'yan ƙwararrun da muke da su su zama malamai da masu duba aiki, kowane ɗaya ya zama yana da hannuwa hamsin a karkara.

Wasu kuma, musamman a cikin likitoci, za su ce haɗari ne a ba ƙaramin ma'aikaci irin wannan aiki. Haɗarin yana nan in an yi masa bita ta kwana biyar a otal, an ba shi jaka da takardar shaida, an sallame shi ba mai sake waiwayarsa. In kuwa ana ziyartarsa, yana da lambar wayar da zai kira, yana da magani a ma'ajiyarsa, ya san iyakarsa, binciken da na ambata ya nuna aikin na yiwuwa. Kuma masu wannan magana su tuna cewa wanda aka hana ƙaramin ma'aikaci ba babban likita yake samu ba. Mari yake samu.

Abin da muke nema

Na farko, Gwamnatin Tarayya ta ɗauki Asibitin Barnawa a matsayin makaranta da cibiyar bincike ta wannan yanki, ta ware masa kuɗin horo da na zagayen duba aiki daban da kuɗin gini, ta ƙara guraben nas-nas da likitoci masu neman ƙwarewa, da masana halayyar ɗan'adam, da ma'aikatan jin daɗin jama'a, da masu koya wa majinyata sana'a.

Na biyu, Gwamnatin Jihar Kaduna ta tabbatar da ma'aikata biyu masu horo a ƙaramin asibitin kowace mazaɓa, tare da magungunan nan masu araha da aka daɗe da sani, ta kuma buga sunayen asibitocin a faɗa a rediyo don jama'a su san inda za su.

Na uku, Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna da Jami'ar Bayero su haɗa sassan likitanci da na harsuna da na nazarin zaman jama'a su fitar da ƙamus da littattafan horo cikin Hausa da sauran harsunanmu, asusun TETFund ya biya, kuma duk binciken da aka yi da kuɗin jama'a a taƙaita shi cikin harshen da jama'ar ke ji.

Na huɗu, malamai da fastoci da masu maganin gargajiya da suka yarda su ajiye sarƙa da bulala a yi musu rajista, a horar da su, a haɗa su da asibiti. Wanda ya ƙi, doka ta hau kansa.

Daga ƙarshe, sai mu juyo kan kanmu. Mu ne muke tsokanar abokinmu da ya ce zai karanci wannan fanni, muna cewa likitan mahaukata shi ma da saura. Mu ne muke mai da sunan Barnawa da Dawanau abin zagi a ɗakunan kwana. A cikinmu akwai wanda ya daina zuwa lacca, ya daina wanka, ya rufe kansa a ɗaki, muka ce girman kai ne ko asiri, har aka kore shi daga jami'a. Ma'aikatan da nake ta kira a horar, daga cikinmu za su fito, ba daga sama ba. Ɗalibin likita da na jinya su dubi wannan fanni da idon daraja. Ɗalibin Hausa da ke neman abin da zai rubuta kundin digiri a kai, ga fage nan ba kowa. Matashin ma'aikacin gwamnati da fayil ɗin kasafi ke bi ta teburinsa ya duba ko akwai layin horo a ciki, in babu ya tambayi dalili. Ƙungiyar ɗalibai kuma ta nemi a kafa ofishin ba da shawara mai ma'aikaci na gaske a kowace harabar jami'a, kamar yadda take neman ruwa da wuta.

Yanke ƙarfen mari aikin 'yan mintoci ne. Hana a sake ɗaura shi aikin shekaru ne, na horo da bincike da kasafi, kuma a wuyanmu ya rataya, mu da aka kashe dukiyar talakawa aka ilmantar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.